Ƙuduji a Jikin Ledar Iri

Irin dawar da Alhaji Namadi ya kawo Tambuwal a bazarar shekarar 2009 yana nan jibge a sitonsa, bayan tasha. Leda dubu huɗu ce. Waɗanda aka sayar ba su kai ɗari ba, kuma yawancin waɗanda suka saya sun mayar. Lokacin shuka ya wuce. Irin ba ya ciwuwa, domin an cuɗa shi da magani, kuma malaman gona sun ce idan ya shekara a zafin sito ba zai tsiro yadda ya kamata ba.

Babu wanda ya sami aibu a cikin ledar. Abin da ya hana ciniki yana jikinta daga waje, wato zanen fure.

Wanda ya yi zanen sunansa Dikko, ɗan Malam Bube na Kebbe. Shekararsa ashirin da shida, kuma yana aiki a shagon kwamfuta na Ɗan'iya da ke bakin titin Tambuwal, inda ake buga katin biki da kalandar aure da takardun makaranta. Manhajar da yake zane da ita, wadda masu shago ke kira Korel, ba hoto take ɗauka ba. Mutum yana dasa ɗigo, ya dasa wani, ya ja layi a tsakaninsu, sannan ya kama hannun ɗigon ya lanƙwasa layin yadda yake so. Abin da aka zana ta haka ana iya mayar da shi ƙarami kamar kan sarki, ko babba kamar bangon aji, bakinsa ba zai dushe ba. A tsakiyar allon akwai farin shafi, a kewayensa kuma akwai fili. Abin da ke kan shafin shi ake bugawa. Abin da ke filin gefe ajiya ce kawai, kamar ƙyallen da tela ya ture gefen tebur.

Furannin da Dikko ya saba zanawa na katin biki ne. Kunnen fure ɗaya yake zanawa, sai ya sa kwamfuta ta maimaita shi a kewaye, ya zuba ja ko ruwan ɗorawa, an gama. Babu wanda ya taɓa ganin irin waɗannan furanni sun tsiro tsakanin Dogon Daji da Kebbe, kuma babu wanda ya taɓa tambaya.

Alhaji Namadi, dillalin taki da iri, ya shigo shagon a farkon bazara.

"Ƙuduji nika so ka zana min," in ji shi.

"Aure za ka yi mai, Alhaji?" in ji Ɗan'iya. "Wace ta yarda?"

Alhaji bai kula shi ba. Ya ce wa Dikko ya samo wani sabon irin dawa mai jure wa ƙuduji, kuma yana son a zuba shi a leda mai sunansa.

"Ka zana shi yadda duk manomi zai shaida shi tun daga nesa. In ka gama ka soke shi da ja, haka." Ya gicciya yatsunsa biyu. "Wanda bai iya boko ba ma ya gane."

"Alhaji, da gaske irin shina kashe shi?"

"Ban ce shina kashe shi ba. Malamin gona ya ce rage shi shika yi. Zai fito nan da can, amma dawar za ta yi kai ko da ya fito."

Dikko ya tambaya ne don kansa. Ƙuduji, wanda a rediyo ake ce wa wuta-wuta, ciyawa ce da ke kama saiwar dawa da gero a ƙarƙashin ƙasa tana shanye su. Kafin a gan ta a sama ta riga ta gama ɓarna. Ƙwayar irinta kamar ƙura take, kuma tana kwana shekaru a cikin ƙasa tana jiran saiwa. Gonar tudu ta Malam Bube, wadda ya gada daga mahaifinsa, tana cikin waɗanda ciyawar ta cinye a yammacin Kebbe. Rumbu biyu take cikawa a da. A shekarun baya-bayan nan ɗaya ma ba ya kaiwa rabi. Sambo, yayan Dikko, ya riga ya kwashe iyalinsa ya tafi neman ƙasar noma a jihar Neja.

Da bazara babu furen ƙuduji a ko'ina, don haka a ranar Juma'ar da ta biyo Dikko ya hau kabu-kabu ya tafi gida neman busasshensa. Ya same shi a gindin rumbu, cikin karan bara. Yana tsintarsa mahaifinsa ya fito ya tsaya a kansa.

"Mi kaka nema nan?"

Dikko ya yi masa bayani.

"Wanda ag gona bai ishe ka ba, sai ka kai shi birni," in ji Malam Bube. "Sambo ya aiko. Ya ce akwai ƙasa can. In bana ta yi awa bara, ni da innarka za mu bi shi. Ba ni ƙara noma ma ciyawa."

"Baba, ka bari irin ga ya zo. Ni zan kawo maka da hannuna, a shuke gonar duka."

"In ya zo mu gani."

Dikko ya koma Tambuwal da busassun rassa a aljihu. Ya jiƙa su a kofin shayi har furannin suka ɗan buɗe, ya ɗora ɗaya a kan farar takarda kusa da linzamin kwamfuta. A nan ya gane cewa dabarar katin biki ba za ta yi ba. Kunnuwan furen ƙuduji ba daidai suke ba. Biyu ne a sama, a haɗe, uku a ƙasa, a baje, kuma wuyan furen yana da wata karaya kusa da baki, kamar wuyan buta. Dole kowane kunne a zana shi shi kaɗai. Ganyen siriri ne mai kaushi, furannin kuma suna hawa reshen ne daga ƙasa zuwa sama, na ƙasa sun buɗe, na sama suna dunƙule.

Launin ne babu shi a busasshen. Wannan daga kansa ya ɗauko shi, domin tun yana ƙarami yake tuge ciyawar. Ruwan hoda ne mai sirkin shuni, yana dusashewa zuwa fari a maƙogwaron furen. Ya yi ta gwadawa yana sharewa.

Jan gicciyen bai ɗauke shi komai ba, layi biyu ne masu kauri. Amma yana rufe tsakiyar reshen, inda furanni suka fi kyau, don haka duk lokacin da Dikko zai yi aiki sai ya kama shi da linzami ya ja shi gefe, waje da farin shafin. In ya gama ya mayar da shi. Wani lokaci ma ba aiki zai yi ba, dubawa kawai yake.

"Wanga ya fi na amare kyau," in ji Ɗan'iya wata rana, yana leƙowa ta kafaɗarsa. "Kai da kac ce shi ya kori yayanka daga gida. Ji yadda kaka lallashinai."

"Alhaji ya ce a gane shi."

"Za a gane shi. Har gaisuwa za a yi mai."

Alhaji Namadi ya zo ya ga zanen a allo, da gicciyensa, da sunansa a sama, da rubutu a ƙasa mai cewa "Mai jure wa wuta-wuta". Rubutun daga takardar masu irin aka kwafo shi. Ya ce ya yi, direbansa zai zo da la'asar ya karɓa ya wuce Kano wurin masu buga leda.

Bayan fitarsa Dikko ya lura cewa farin da ke maƙogwaron fure ɗaya ya yi yawa. Ya ja gicciyen gefe, ya shiga gyara. Daga wannan furen ya koma na kusa da shi. Direba ya iso ya tsaya a bakin ƙofa, injin mota na aiki, janareto kuma ya fara tari alamar mai ya kusa ƙarewa. Dikko ya adana zanen, ya zuba shi a filas ɗin kwamfuta, ya miƙa wa direban. Akwai umarni guda a manhajar da ke ɗaure abubuwa biyu su zama ɗaya, ta yadda ba za a motsa wani a bar wani ba. Bai taɓa ɗaure furen da gicciyen ba.

Masu bugawa sun buga abin da ke kan shafi.

Ledojin sun iso a ɗaure, aka kai su kai tsaye wurin masu awo, aka cika, aka liƙe. Alhaji yana Sakkwato a lokacin. Masu awon sun ga furen, amma ba a tambaye su ba. Hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas lokacin da aka raba kayan zuwa kasuwannin Jabo da Sanyinna da Kebbe.

A kasuwar Kebbe, mutumin farko da ya ɗauki ledar wani dattijo ne da ake kira Tambaya. Ya juya ta, ya miƙa hannu nesa da idonsa, ya sake dubawa.

"Irin mi na wanga?" ya tambayi mai rumfar.

"Dawa ta. Maganin ƙuduji."

"To ina dawar?"

"Tana ciki."

"Ledar tumatir, tumatir ka jikinta. Ta albasa, albasa. Ta kuɓewa, kuɓewa. Abin da anka zana shi ka tsirowa. Wagga mi anka zana?"

Mai rumfar ya nuna masa rubutun. Wani ɗan makaranta da ke wurin ya karanta da ƙarfi, aka ji kalmar wuta-wuta, wanda ya sani ya gaya wa wanda bai sani ba cewa sunan ƙuduji ne a bakin Kanawa. Sauran kalmomin ba su yi nisa ba. Sai wani ya ce a buɗe a gani. Aka farke leda ɗaya a kan faifai. Maganin da aka cuɗa irin da shi don kare shi daga ƙwari ya rina shi, kuma launin da ya ba shi ruwan hoda ne mai sirkin shuni.

Kafin a tashi kasuwa maganar ta zama cewa an kawo irin ƙuduji a leda. Wasu suka ce an gauraya shi da dawa ne don a kashe gonaki a saye su da arha. Wasu suka ce don a riƙa sayen taki dole. Babu wanda ya tsaya a kan dalili ɗaya, amma kowa ya tsaya a kan zanen, domin babu manomin da ya duba shi ya yi shakkar ko mene ne.

Alhaji Namadi ya zo shagon washegarin dawowarsa, da leda ɗaya a hannu. Ya ajiye ta a kan tebur. Dikko ya buɗe zanen. Furen yana tsakiyar farin shafi, gicciyen kuma yana can gefen dama, a fili, inda ya bar shi.

"Ga shi nan, Alhaji," in ji Ɗan'iya a hankali. "Bai ɓace ba."

"Na gane shi," in ji Alhaji. "Mi shika yi can?"

Ya ɗauki ledarsa ya fita.

An gwada gyara. Alhaji ya sa aka sayo jan alƙalamin allo, aka zauna a sito ana soke furen leda bayan leda. Tawadar ba ta kama santsin leda, hannu ɗaya in ya shafa sai ta goge. Inda ta kama kuma mutane suka ce masu irin sun ga an gane su ne, shi ya sa suke ɓoyewa. An juye wani kaso a buhun algarara aka kai Jabo a matsayin iri marar suna, launin ya tona shi. Malamin gona ya yi bayani a ƙofar masallaci bayan Juma'a, aka saurare shi da ladabi, aka watse. Ɗan'iya ya yi ta musu da masu zuwa shago cewa kwalbar maganin ƙwari ma ƙwaro ne a jikinta, suka ce masa ba a shuka kwalba. Masu buga leda a Kano suka ce sabon bugu sai an bi layi. Ruwan shuka ya sauka kafin layin ya zo.

A shago aiki bai tsaya ba, amma ya canja. Masu kawo katin biki suka fara cewa, "Mai ƙuduji, a yi muna fure, amma ba na gona ba." Wasu da wasa suke faɗa. Wata mata daga Dogon Daji ta ce a cire furen gaba ɗaya, a bar rubutu.

Dikko ya isa Kebbe da leda biyar a bayan kabu-kabu washegarin ruwan farko. Ya tarar da mahaifinsa a tsakar gida yana gyara ƙotar sungumi, irin bara kuma yana cikin ƙwarya a gefensa.

"Fitar min da shi daga gida," in ji Malam Bube, bai ɗaga kai ba.

"Baba, ni na zana. Kuskure na. Akwai jan layi da ya kamata ya hau kai, na manta shi a gefe. Irin lafiya lau shike."

"Na san kai ka zana. Duk Kebbe ta sani. Jiya a masallaci Tambaya ya tambaye ni ko nawa anka biya ka."

"In ka shuka na bara, ka san abin da za ka samu."

"Na sani. Shi na san shi."

Marka, mahaifiyar Dikko, ta fito daga madafa ta ɗauki leda ɗaya daga ƙasa. Ta goge ta da gefen zane, ta daɗe tana dubawa.

"Ashe haka wuyanai shike," in ji ta. "Tun ina yarinya nika tuge shi, ban taɓa dubawa ba."

"Aje shi, Marka."

"Dubawa nika yi, Malam. Ba ci zan yi ba." Ta juya ga ɗanta. "Ka ɓata lokaci a kai."

"Na ɓata, Inna."

Ta ajiye ledar, amma ba ta koma madafa ba. Ta ce wa mijinta yaron ya taso tun daga Tambuwal, kuma gonar ba ta da abin da ya rage da za a lalata. Malam Bube ya ci gaba da buga ƙotar a ƙasa har ƙarfen sungumin ya zauna.

"Kunya uku," in ji shi. "Na gefen marke, inda kowa ka wucewa. Kai za ka shuka da hannunka, ni ba ni taɓa shi. In nig ga fure ɗaya a cikinsu, ɗaya tak, maganar ta ƙare, kuma kada ka sake kawo min ita."

"Baba, ƙwayar tana cikin ƙasa tun da. Malamin gona ya ce rage shi shika yi, ba hana shi ba. Ko mi anka shuka zai fito."

"To ka ga ke nan."

Dikko ya shuka kunya ukun a ranar. Maƙwabtan gona sun tsaya a kan hanya suna kallo, babu wanda ya ce masa sannu. Da ya gama tafin hannunsa ya rine, ya wanke da toka bai fita duka ba. Ragowar irin ya mayar Tambuwal. Malam Bube da 'yan ƙwadago biyu suka shuke sauran gonar da irin bara.

Ruwa ya yi kyau a wannan daminar. A tsakiyar watan Yuli dawar gonar tudu ta kai gwiwa ta tsaya, ganyenta ya fara ɗorawa-ɗorawa kamar an hana ta ruwa, alhali ƙasa a jiƙe take. Duk wanda ya yi noma a Kebbe ya san ma'anar wannan. Kunya ukun gefen marke sun kai ƙugu, kore shar. Masu wucewa suna rage tafiya a wurin. Wasu sun ce taki aka zuba musu a ɓoye. Tambaya ya ce a jira, ƙuduji ba ya gaggawa.

Malam Bube bai yi magana a kan kunyoyin ba. Kunya uku ba sa cika ko kwando biyu, kuma shuka ta riga ta wuce. A ƙarshen watan ya aika wa Sambo ta bakin wani direba cewa ya nema masa fili kusa da nasa, ya kuma tambayi yadda haya take kafin a yi ɗaki. Ya sayar da tunkiya biyu daga cikin huɗu.

Marka ta fara zuwa gona da sassafe, kafin maza su fito. Ta ce yakuwa take tsinka a gefen marke. Tana dawowa da gefen zanenta a ƙulle, ta wuce madafa kai tsaye. Ba a taɓa ganin yakuwar a miya ba. Mijinta bai tambaye ta ba. Da Dikko ya zo wata Juma'a ya tambaye ta, sai ta ce masa ya ci tuwonsa.

A shagon Ɗan'iya zanen yana nan a kwamfuta. Dikko ya mayar da gicciyen kan furen, ya ɗaure su, ya adana da sabon suna. Babu wanda ya nemi a buga shi. Alhaji Namadi ya koma kai aikin zanensa Sakkwato, kuma ya ce baɗi taki kaɗai zai sayar.

A makon farko na Agusta gonar tudu ta yi ruwan hoda daga bakin hanya har gindin rumbun maƙwabci. Malam Bube yana zagaya ta kullum bayan la'asar, hannu a baya, ya ƙare a gefen marke. Har zuwa wannan makon ba a ga fure ba a cikin kunya ukun. A kunya ta huɗu, taku ɗaya daga ta uku, ya riga ya buɗe.